Ɗigo Biyar na Malam Gwadabe

Duk wanda ya saba bi ta ƙofar gidan Malam Gwadabe a Gumel da sanyin safiya ya san mutumin nan yakan gaida randarsa kafin ya gaida maƙwabtansa. Da ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a zaure, ya durƙusa gaban wata randa da ya binne rabinta cikin yashi, ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ke bakinta, ya zura hannu ya taɓa wata 'yar kwalba mai ruwa launin shuni. In ya ji ta da sanyi, ranar kowa zai sami fara'arsa. In kuwa ta fara ɗumi, ko matarsa Rakiyya ba ta tambayarsa zai sha koko ko ba zai sha ba. Daga nan ya naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauko wani farin faranti ya goge shi tas, ya ɗaure komai a bayan keke. Ran Laraba yakan nufi Maigatari ya kwana can saboda kasuwar shanu ta Alhamis. Sauran ranakun kuwa duk inda aka ce saniya ta kwanta, daga ƙauyukan Sule Tankarkar har na Gagarawa. Kowa ya san yashin ƙasarmu, rabin tafiyar keken ke ɗauke da shi, rabin shi ke tura keken.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki na malamin shanu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye. Abin haushi, har yau ba a ji wanda ya tako ya ce masa sannu da ƙoƙari ba. Ko sunansa ma mutane ba su riƙe ba, Mai Faranti suke ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Mun iya cika zauren wanda ya ɗinka sabuwar riga muna yi masa barka, amma mutumin da ya tsufa yana leƙa bakin shanunmu sai mu bi ta gefensa kamar turke.

Farantin ma da tarihinsa. Asali wani gilashi aka ba shi na aikin. Ranar da ya je tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa karɓo kwalbarsa, wadda ake aiko masa duk bayan wata biyu, keken ya kife da shi a yashi, gilashin ya tarwatse. Da ya dawo gida sai ya shiga ɗakin Rakiyya ya zare farantin da ya fi kowanne haske a jerenta. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma gurbin yana nan a bango, ta ƙi cike shi don ya riƙa gani.

Ba za mu ɓoye ba, Malam Gwadabe mutum ne mai wuyar sha'ani. Ga nawa, ga tsantseni, ga dogon bayani. Ka kuskura ka tambaye shi abin da ke cikin kwalbar nan, ka gama yawo. Zai ce maka matattun ƙwayoyin bakkale ne, wato ciwon nan da ke sa saniya ɓari ya kuma kumbura mata gwiwa, an kashe su an rina su don ido ya gan su. Kowace ƙwaya, in ji shi, sanye take da riga mai ƙaya kamar ƙarangiya, kuma kowace cuta da irin ƙayarta. Dabbar da cutar ta shiga jikinta, jininta yakan ƙera wasu 'yan kamu, kowanne da hannu biyu, hannun da bai dace da komai ba sai wannan ƙaya. In aka haɗa ɗigon ruwan jinin da ɗigon shunin a faranti, ɗan kamu ya cafki ƙwaya da dama, ya cafki wata da hagu, na kusa da shi ma ya yi haka, sai ka ga ruwan ya tsinke ya yi gudaji kamar kindirmo. In jinin bai taɓa sanin cutar ba, ruwan ya zauna sumul. Maganar da ba ta wuce minti biyu ba, amma Malam sai ya kai ka azahar da ita, fatake na tsaye suna cizon yatsa.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami a kansa ya faru ne da kakar 1952, a wani ƙauye da ake kira Garin Ilu, tsakanin Sule Tankarkar da kan iyaka. Cikin wata biyu shanu tara suka yi ɓari a garin. Mutane suka ce ruwa ba ya tsami banza, suka waiga hagu suka waiga dama, idonsu ya sauka a kan Zinariya.

Zinariya dattijuwa ce daga ƙasar Damagaram. Mijinta ya rasu, ta ƙetaro iyaka ta dawo wajen 'yarta da ke aure a garin, wata biyar kafin nan. Abin da ta zo da shi duka duka saniya ɗaya ce ramammiya mai karyayyen ƙaho, tana kiranta Guntuwa, da ƙaramin ciki a jikinta. Da yake saniyar ba ta da takardar shaida, tun ranar farko aka hana ta shiga garke, aka hana ta kwamin rijiya. A bayan ɗaki Zinariya ke ɗaure ta, ta yanko mata ciyawa, ta ɗebo mata ruwa a ƙwarya. Yadda aka yi saniyar da ba ta taɓa shan ruwa da shanun gari ba ta zubar wa tara ciki, wannan ba wanda ya ga dalilin tambaya. Bulama Manu, mai garin, ya yanke magana: ran Juma'a da la'asar za a yanka ta.

Ran Alhamis Zinariya ta yi asubanci, ta taka da ƙafa har Maigatari. Ta sami Malam a kara, tsakiyar shanu da ƙura da hayaniyar dillalai, ta tsuguna a gefe har ya ɗago kai.

"Malam," ta ce, "an ce mini farantinka ba ya jin tsoron kowa. Saniyata ɗaya tak. Ita ce gonata, ita ce abin da maigidana ya bar mini. Gobe za su sa mata wuƙa."

Wani ne da ya ba ta haƙuri ya ce ba huruminsa ba ne. Shi kuwa tambayarta ya shiga yi, shanu nawa, cikin wata nawa, wacce ta fara. Washegari da hantsi sai ga shi a Garin Ilu yana tura keke, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ɗebi jini a jijiyar wuyan shanun nan tara, ya ɗebi na Guntuwa. Sannan, saboda halin nan nasa na ƙin barin komai a baya, ya ce a kawo masa bijimin Ubale. Nan aka yi dariya. Ubale bafatake ne mai hannun kyauta, kuma bijiminsa ja ne ƙato, ƙahoninsa kamar za su taɓo reshe, abin alfaharin garin. Al'adar wurin ita ce ba a sayar da barbara. Mai saniya ya kai goro ya yi gaisuwa, bijimi ya kwana a turkensa, shi ke nan. Ubale bai taɓa hana kowa ba, don haka kusan duk saniyar da ke garin ta san bijimin. Ubale ya shiga gida ya fito da takarda, ya miƙa wa Malam yana murmushi, ya ce ya duba ko ya gane hatimin. Malam ya gane kuwa. Shi da kansa ya buga shi a Maigatari wata tara da suka wuce, ranar da aka shigo da bijimin.

Aka jera kwalaben jinin a inuwar tsamiya, aka jira har jinin ya daskare, ruwansa ya taso sama. Maza suka kewaye shi. Ɗantala mahauci ya riga ya zauna a kan saiwa yana wasa wuƙa, don kowa ya san a ina maganar za ta ƙare. Malam ya ɗiga, ya motsa da tsinke, ya karkata farantin yana juyawa a hankali. Na shanun tara duk suka yi gudaji. Na Guntuwa ya zauna sumul. Ya goge farantin ya ɗiga na bijimin, shi ma sumul.

Zinariya ta fara hamdala, amma ta yi gaggawa. Bulama ya gyara zama ya ce, "Malam, farantinka ya wanke su duka biyu. To shanu tara kuwa ba iska ce ta zubar musu da ciki ba. Ɗaya da takarda, ɗaya babu. Mu dai mun san wadda za mu yanka."

Wuri ya kaure da surutu. Ran Malam ya ɓaci, don ya ga ya sha yashi a banza, kuma a cikin ɓacin ran nan ya yi kuskuren da bai taɓa yi ba. Yana da ƙa'ida: kowane ɗigo da nasa sabon tsinke, kuma a bakin faranti kullum yakan ajiye wani ɗigo na shuni zalla da ruwan gishiri, wanda yake kira shaida, don ya tabbatar kwalbar ba ta lalace ba. Yana sauraron Bulama, tsinken bijimin na hannunsa, sai ya tsoma shi cikin shaidar ya motsa. Ya yi tsaki, ya ɗauki tsumma zai goge. Kafin tsumman ya sauka ya ga shaidar tana tsinkewa a gaban idonsa, gudaji manya manya.

Ɗan abin da ya maƙale a bakin tsinke ya yi abin da cikakken ɗigo ya kasa. Nan take ya tuna wata magana da malaminsu ya taɓa yi a makarantar dabbobi, wadda ya rubuta a littafi amma bai taɓa gani da idonsa ba: jinin da ya cika ƙarfi yakan yi kama da jinin lafiya, sai an surka shi yake faɗin gaskiya.

Ba wanda ya lura. Tsumman na hannunsa, shafa ɗaya ta isa. Ya ji tsoro, ya ji kunya, kuma ya san sarai abin da gudajin nan ke nufi ga hatiminsa da shekarunsa ashirin na aiki. Ya dubi Zinariya, ta riga ta tashi ta nufi bayan ɗaki don ta kwance saniyarta da hannunta, kada yaran mahauta su ja ta da ƙarfi. Ya ajiye tsumman, ya roƙi Bulama ya ba shi kafin inuwar tsamiya ta kai gindin rumbun da ke gabansu.

Ya fito da ƙananan kwalabe ya jera biyar biyar. Ya surka ruwan jinin da ruwan gishiri, na biyu ya fi na farko tsarwa, na uku ya fi na biyu, har na biyar ya zama kusan ruwa zalla. Ya yi layi biyu a farantin, na sama na Guntuwa, na ƙasa na bijimi, ya kira Bulama da Ubale su matso su gani da idonsu. Layin Guntuwa biyar ɗin duk suka zauna sumul. A layin bijimi na farko ya zauna, na biyu ya ɗan motsa, daga na uku zuwa na biyar kuwa suka tsinke tsaf, ko makaho ya shafa ya ji.

Ranar ce kaɗai a rayuwarsa aka ji ya taƙaita bayani. Ya ce su ɗauka awaki goma ne suka ɓalle, mutum goma suka bi su. Kowa ya kama ƙafar wannan da dama, ƙafar waccan da hagu, sai awakin su haɗu wuri ɗaya. Amma in mutum ɗari suka bi su, kowace akuya mutum goma sun rufe ta, babu wanda zai sami ƙafar akuya ta biyu, sai kowace ta tsaya ita kaɗai. 'Yan kamun da ke jinin bijimin nan yawa suka yi, saboda ciwon ya daɗe yana cinsa. Sannan ya ce wa Ubale ya duba gwiwar hagu ta bijimin. Akwai tsohon tabo a wurin. Ubale ya ce wanda ya sayar masa ya gaya masa ƙaya ce ta soke shi aka yi masa sakiya.

Malam ya miƙe, ya ɗaga takardar yadda kowa zai gani.

"Ranka ya daɗe, hatimin nan nawa ne, kuma ƙarya ya faɗa. Ranar shanu sun fi ɗari uku a kara, na yi ɗigo ɗaya na sallame shi. Ba saniyar Iya ce ta kawo ciwon nan ba. Ni na buɗe masa ƙofa."

To, mai karatu zai zaci daga nan aka ba Zinariya haƙuri, aka kawo wa Malam fura. Ina! Ɗantala ya mayar da wuƙarsa kube yana gunaguni, an hana shi fawa. Fushin da aka tara wa tsohuwa aka kwashe shi ɗungurungum aka juye wa Malam. Laifi tudu ne, ba wanda ya tuna cewa da safiyar nan suna shirin yanka saniyar da ba ta ji ba ta gani ba, kowa hatimi yake hange. Ya tsaya duk da haka ya gaya musu su ware shanun nan tara, su riƙa binne mahaifa da abin da aka zubar maimakon jefa wa karnuka, su tafasa madara kafin su ba yara. Suna ji suna hararar sa. Ko ruwan sha ba a ba shi ba ya kama hanya. Ubale dai, a faɗi gaskiya, da kansa ya kai bijimin mahauta bayan kwana biyu, amma sai da ya shekara uku bai amsa sallamar Malam ba.

Da Malam ya koma Gumel ya zauna ya rubuta rahoton abin da ya faru, ya sa sunansa a inda ake sa mai laifi. Waɗanda ya koya wa riƙon allura suka zo suka wuce shi a muƙami, shi yana nan inda yake. Rakiyya ta tambaye shi wa ya aike shi, wa zai sani da ya goge farantin. Ya ce mata, "Ni na gani, Rakiyya." Ta ce wannan amsa ba ta cika tukunya, ya ce haka ne.

Tun daga ranar bai ƙara buga hatimi a kan ɗigo ɗaya ba. Kowace dabba ɗigo biyar, ko da kasuwa za ta watse a kansa. Je ka Maigatari ran Alhamis ka ji abin da fatake ke faɗa in sun hango kekensa. Sun kai ƙararsa, sun yi masa habaici, wani har ya saya masa tsinke dami guda don ba'a. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce dama nasa sun kusa ƙarewa. Waɗannan fataken su ne kuma in sun kai shanu Kano suke bugun ƙirji suna cewa takardarsu ta Maigatari ce.

Malam Gwadabe, kai ne ka tsaya a gaban gari guda ka ƙaryata hatiminka da bakinka, saboda saniyar da ko dillali ba zai tsaya ya taya ba. Kai ne ka san hanyar da cuta ke ɓuya a cikin jini, ka bi ta har inda ta kai ka, ko da yake ƙofar gidanka ta kai ka. Mai faranti, mai hana wuƙa saurin hannu. Kana da ban haushi, wallahi kana da shi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran ɗigonka na biyar zai shaida. Amma mu ne muka fi ban haushi, da muka sha madarar shanun da ka tsare shekara da shekaru muna kiranka da sunan kwano.

Guntuwa kuwa, bayan wata biyu ta haifi maraƙi namiji, lafiyayye. Wariyar da aka yi mata ita ta tsare ta, don ba ta taɓa haɗa turke da bijimin Ubale ba, ba ta taɓa shan ruwa inda masu ɓari suka sha ba. Maraƙin ya girma. Yau shi ne bijimin Garin Ilu, kuma mutanen da suka wasa wuƙa su ne ke zuwa ƙofar Zinariya da goro suna gaisuwa, har da Bulama, har da Ubale. Ba ta hana kowa, amma ta kafa sharaɗi ɗaya wanda ba a taɓa ji ba a ƙasar nan: saniya ba ta kusantar bijiminta sai farantin Malam ya gan ta, kuma ɗigo biyar.

Makon jiya, da ta ji zai ajiye aiki, ta hau jaki ta zo Gumel. Ba wajensa ta zo ba. Ta wuce shi a zaure da gaisuwa, ta shiga ciki, ta kwance ƙunshi ta miƙa wa Rakiyya sabon farin faranti. Ta ce ta ji labarin gurbin da ke bango, kuma tun da saniyarta ce ta ci amfanin wancan, ita ya kamata ta biya. Hawaye ya zubo wa Rakiyya. Malam ya leƙo, ya karɓi farantin ya juya shi, ya shafa da yatsa, ya ɗaga shi wajen haske, sannan ya ce wannan ai ya fi nasa santsi, zai yi wa wanda zai gaje shi kyau ƙwarai. Rakiyya ta fizge abinta ta kai ɗaki.

Mun gode, Malam, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa ka iya zama wuri ɗaya, abin da muke shakka. Ku kuma masu hatimi a hannu, malaman asibiti da na gona da na makaranta da duk wanda maganarsa ke sa a yanka ko a bari, ku yi koyi da shi: kada ku tsaya a ɗigon farko, kuma ranar da kuka ga kuskurenku ku faɗe shi tun wuƙa ba ta sauka ba. Sauranmu kuwa abin da ake nema a wurinmu bai taka kara ya karya ba. In kun haɗu da wani dattijo yana tura keke a yashin hanyar Maigatari, ku tsaya ku gaishe shi, ku kira shi da sunansa.

Da Zinariya za ta tafi ya raka ta har bakin hanya. Bai tambaye ta Bulama ba, bai tambaye ta Ubale ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, yaya Guntuwa. Ta ce tana nan, ta tsufa, haƙoranta sun zube sai dusa take iya ci, kuma Ɗantala ya zo taya ta sau biyu ta kore shi.